Kazar Cikin Waya Na Neman Cinye Hannun Mijina

Assalamu alaikum Anti Safara'u. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi dariya, don na san za ki yi. Ni ma da a gidan wata abin ya faru da na yi har da hawaye. Kaza ce ke neman raba mijina da aikinsa, in ba a yi wasa ba har da hannunsa. Kazar nan ba ta da nama ba ta da ƙashi, a cikin waya take. Na canja sunayen mutanen da zan ambata saboda rufin asiri, amma na bar na kazar, tunda rabin ma'aikatan Sharaɗa sun riga sun san ta. Sunanta Hajjo.

A Panshekara muke zaune. Maigidana yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake buga bokitai da butoci da robobin wanka. Injin da yake tsayawa a kai baki gare shi na ƙarfe, ya buɗe ya tofo bokiti, ya rufe da ƙarfi, haka ake yini. 'Ya'yanmu uku, babbarsu Aina'u, shekararta goma. Yarinya ce mai natsuwa da tausayi. Tun tana ƙarama in ta jera takalma a ƙofar ɗaki sai ki rantse da awo ta jera su, mu kuwa muna ta washe baki wai mun haifi mai tsafta. Daga baya alwalarta ta fara tsawo. Ta wanke hannu, ta ce ba ta tabbata ruwan ya kai gwiwa ba, ta koma daga farko, har buta ta ƙare, har ƙannenta su idar da salla tana nan tsugune. Sabulu ya daina daɗewa a gidan. Bayan hannunta ya tsattsage kamar na mai wankau.

Ana cikin haka babanta ya sayi babbar waya ta hannu, ita kuma ta gano wani gem a ciki. Gona ce da kaza ɗaya. A saman kan kazar akwai wani layi kore, in ta ji yunwa sai ya dinga komawa ja, sai a danna buhun hatsi ta ci ta yi tsalle. In hatsin ya ƙare sai an kalli talla kafin a ba da wani. In aka bar ta da yunwa kuwa sai ta kwanta ta langaɓar da wuya tana kallon mutum da wasu manyan idanu. Gaskiya da farko har godiya na yi wa kazar nan, don duk lokacin da Aina'u ke riƙe da waya buta tana hutawa. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

A daminar bara taransifomar unguwarmu ta ƙone, waya ta mutu ba caji. A ranar ne kuma inji ya datse wa maƙwabcinmu Sani yatsu biyu, a kamfanin su babanta, a layin da yake aiki. Na tafi da Aina'u dubiya, ta ga hannun a naɗe. Da aka samu caji a shagon mai janareta ta buɗe waya, ta tarar da Hajjo a kwance, layin nan ja wur. Shi ke nan ta ɗaure abu biyu wuri ɗaya, har yau na kasa kwance su. A wurinta, ranar da Hajjo ta kwanta da yunwa inji ya ci hannun mutum, kuma in ta sake kwanciya hannun babanta ne a layi.

Daga nan yarinya ta daina cin abinci sai da waya a cinya. Islamiyya ta koma tana zuwa tana kuka. Ta daina wasan gala-gala da ƙawayenta. Surukata Hajiya, wato kakarta, ta ce iska ce, aka yi tofi, aka yi hayaki, har wayar sai da aka turara da habbatus sauda, ta yi sati tana ƙamshi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta asibiti. Likitan mutumin kirki ne, ya zauna ya saurare ta. Ya ce cuta ce sananniya ta waswasi, wadda ke tilasta wa mutum maimaita abu don ya kori tsoro, ya faɗi sunanta da Turanci wai OCD. Ya yi bayani da yawa, ni dai abin da ya zauna min a kai shi ne kada yarinya ta wuce awa ɗaya a rana tana riƙe da waya.

To Anti, a nan ne muka nuna basira. Muka dawo gida, maigida ya zauna ya yi lissafinsa irin na ma'aikacin kamfani. Ya ce likita ya hana Aina'u riƙe waya, amma bai hana kaza cin abinci ba. Ya ce a kamfani ma ba a kashe inji don mutum ɗaya ya tashi, wani ne ke karɓa. Don haka Hajjo za ta shiga karɓa-karɓa. Wallahi a lokacin sai na ga ban taɓa auren mai hankali irinsa ba.

Ga yadda aka tsara. Da safe shi zai tafi da waya Sharaɗa ya dinga ba ta hatsi. In ya taso da yamma Aina'u ta yi awarta guda. Daga nan ƙanena Gali, wanda ke aikin yamma a wani kamfanin fata a Chalawa, ya biyo ya karɓa. Makon da Gali ke hutu kuma, ko maigida ya koma aikin dare, sai a aika wa Idi, wani abokinsu mutumin Maraɗi da ke gadi a wani sito a Bompai, tunda shi dama ba barci yake ba. Waya ta zama 'yar yawo, yau tana adaidaita sahu gobe tana motar kamfani. Kazar nan ta zaga Sharaɗa da Chalawa da Bompai fiye da duk wani mai neman aiki a Kano. In ta dawo daga wurin Gali warin fata take yi, in ta dawo daga wurin Idi ƙamshin shayi. Idi kuwa, bawan Allah, saboda neman hatsi ya kalli tallar injin wanki har ya haddace, shi da rigunansa ba su fi uku ba.

Kuma ba miƙa waya kawai ake yi ba, miƙa aiki ake yi sosai, yadda suka saba. Mai tashi sai ya gaya wa mai karɓa yaushe ta ci na ƙarshe, hatsi nawa ya rage, caji ya kai ina. Rannan Gali ya makara, maigida ya tsare shi a zaure yana masa faɗa kan rashin riƙon amana, har maƙwabta suka zaci rabon gado ne. Ni kuma aikina shi ne amsa kira. Duk wanda ya ba ta hatsi sai ya kira 'yar ƙaramar wayata mai tocila ya shaida, ni kuma in isar wa Aina'u. Da farko sau ɗaya ya ishe ta. Yanzu sai ta tambaye ni, in amsa, ta sake tambaya ko na tabbata, in rantse, ta ce ko na ji da kyau, in sake kira. Kuɗin kati kam ba a magana.

Da muka koma asibiti likita ya tambaya ko an rage waya. Muka ce awa ɗaya cif, ko minti ba ta ƙarawa. Ya yaba mana ƙwarai, ya ce da duk iyaye haka suke da aikinsa ya yi sauƙi. Muka fito muna jin kanmu. Ban yi masa ƙarya ba Anti, bai dai tambayi inda wayar ke yini ba.

Kada in manta, ina da kaji na gaske guda huɗu a bayan ɗaki, masu yin ƙwai na gaske. Tsabar hankalin gida ya koma kan Hajjo, aka dinga mantawa da dusarsu, har biyu suka yi ƙaura gidan maƙwabciyata, yanzu can suke kwana, in sun gan ni ma kauda kai suke yi.

Sau ɗaya aka samu saɓani. Waya ta mutu a aljihun Gali a cikin motar kamfani, aka yi rabin yini ba kira. Abin da na gani a ranar ba na fatan wata uwa ta gani. Yarinyata ta yi amai, ta wanke hannu har jini ya fito, sannan ta tsaya a ƙofar gida cikin rana ta ƙi zama ta ƙi shan ruwa, sai da ta hango babanta ya sauko daga mota ta ruga ta kama hannayensa tana juyawa tana dubawa. Shi ma sai da ya shiga ɗaki ya share hawaye. Da ta natsu ta gaya min wata magana da har yanzu ke cin raina. Ta ce ta san Hajjo zane ce kawai, ta san zane ba ya tsare hannu, kuma ta tsani kazar, ba ta ƙaunar ganinta. Ta ce kanta ya sani, amma akwai wani abu a ƙirjinta da bai sani ba, kullum yana tambayarta in fa gaskiya ne.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. An hana shiga da waya wurin inji, kowa ya sani, a ƙofa ake ajiyewa. Maigida a cikin safa yake ɓoye ta. Makon jiya yana kan aiki ya zaro ta a ƙarƙashin rigar aiki, ya tarar hatsi ya ƙare, ya tsaya kallon talla. Idonsa na kan talla hannunsa na ciro bokiti, sai inji ya rufe. Allah ya tsare, hannun riga ya kama, ya yage shi tun daga kafaɗa. Tsakanin bakin injin da yatsunsa bai fi faɗin ƙwayar gyaɗa ba. Oga ya kama shi da waya a hannu, ya ba shi takardar gargaɗi, ya ce in ya ƙara ya ɗauki jakarsa.

Na ce to alhamdulillahi, ko banza yanzu kowa zai dawo hayyacinsa. Ina! Aina'u ta ga rigar a kan igiya, ta tambaya, babanta ya kasa ɓoyewa. Sai ta ce ai ga shi nan, don yana cikin nema wa Hajjo abinci ne inji ya tsaya a riga, da ya yi sakaci da ita, da hannun injin ya ci. Abin takaici ba ita kaɗai ba. Labari ya zaga kamfani, yanzu akwai manyan maza masu gemu da ke tare maigida a wurin cin abinci suna roƙon ya bari su danna buhun hatsin ko sau ɗaya. Wani ya kawo masa goro wai a ba kaza. Hajiya da ta turara waya da hannunta, yanzu in ta kira gaisuwa sai ta tambayi yara, ta tambayi Hajjo. Ta kawo shawarar a yanka ta a yi sadaka a huta, muka duba gem ɗin ciki da waje, waɗanda suka ƙera shi ba su sa wuƙa ba. Ana wata ga wata, shekaranjiya Hajjo ta ƙyanƙyashe. 'Yan tsaki shida, kowanne da layinsa a ka, kuma Aina'u ta riga ta fara raba su, wannan na Kawu Gali, wannan na Malam Idi, wannan nawa, wai don ya tsare ni kada risho ya ƙone ni.

Gali ya ce ya gaji, a ba shi waya ya jefa ta kogin Chalawa, yarinya ta yi kukanta na kwana biyu ta haƙura. Maigida ya ce shi ba zai iya sake ganin 'yarsa a halin rannan ba, gara ya ci gaba da ɓoyewa a safa, zai dai ƙara kula. Ni ina tsakiya, gaba kura baya sayaki. In aka jefar da waya ina tsoron hankalin 'yata, in aka bar ta ina tsoron hannun mijina. Kullum ya fita da safe sai in bi ƙafarsa da kallo, in ga tudun waya a safa. Har na fara jin ni ma in ba a kira an ce ta ci ba, ba na iya haɗiye abinci. Anti, me zan yi? Ki gaya min gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Taki cikin damuwa,
Mai Kiwon Kazar Waya, Panshekara

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa Mai Kiwon Kaza.

Na yi dariyar, ba zan ɓoye miki ba, musamman wurin goro. Amma da na zo inda yarinya ke tsaye a rana tana jiran hannun babanta sai dariyar ta tsaya. Ba ku yi wauta don rashin hankali ba. Ƙauna ce ta sa ku, kuma kun yi abin da kuka iya da ilimin da kuke da shi, wato na kada a bar inji ya tsaya. Matsalar ita ce wannan injin kashe shi ake so a yi.

Abu na farko ba ya jiran likita, ba ya jiran shawara. Daga gobe waya ba za ta ƙara shiga wurin inji ba. Ki gaya wa maigida na ce in ji ni, ƙara kula da yake faɗa ba ta da wurin zama, don ido ɗaya ba ya kallon talla ya kalli bakin ƙarfe. Ya tuna cewa in hannun nan ya tafi a kan hatsin Hajjo, yarinyar da yake tausayi ce za ta ɗauki nauyin abin a ranta har tsufa. Masu gemun da ke layin danna buhu kuma ya sallame su da fara'a, ya ce kaza ta yi ritaya daga aikin kamfani.

Gali yana da gaskiya ta gefe ɗaya, maigida ma haka. Gaskiyar Gali ita ce abin nan dole ya ƙare. Kuskurensa shi ne zaton cutar a cikin waya take. Ke da kanki kin ce kafin kaza akwai buta, kafin buta akwai takalma. In aka jefa waya a kogi tsoron ba zai bi ta ba, zai nemi wani wurin zama, wataƙila ya koma kan sabulu, kuma yarinya ta daina yarda da ku. Gaskiyar maigida ita ce wahalar da take sha ta gaske ce, ba shagwaɓa ba ce, ba a maganinta da tsawa ko gori. Kuskurensa shi ne zaton yana rage mata wahalar. Duk hatsin da ya danna, da duk rantsuwar da kike yi a waya, suna ba ta sauƙi na ɗan lokaci, sannan su tabbatar wa abin nan na ƙirjinta cewa yana da gaskiya. Shi ya sa amsa ɗaya ta daina isarta, shi ya sa kaza ɗaya ta zama bakwai. Yarinya ta ga manya huɗu suna karɓa-karɓa a kan zane, ta yaya za ta yarda zane ne?

Ni ba likita ba ce, don haka ku koma wurin naku cikin makon nan, kada ku jira ranar da ya ba ku. Wannan karon kada a bar kaza cikin gashinta. Ku faɗa masa komai, Sharaɗa da Chalawa da Bompai, safa da riga da 'yan tsaki, ko da zai cire tabarau ya dafe kai. Awa ɗayar da ya ce ba ita ce maganin ba, gefen maganin ce. Ku roƙe shi ya haɗa ku da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Akwai hanyar da suke bi da irin wannan cuta, ta koya wa yaro fuskantar abin tsoron kaɗan-kaɗan ba tare da ya yi abin da tsoron ke umarta ba. A wurinku zai iya zama a bar layin ya ɗan yi ja kafin a danna, gobe a ƙara jinkiri, yarinya na zaune kusa da ke tana jin tsoron yana hawa, har ta ga da kanta yana sauka. Su ne za su tsara matakan tare da ita, su ne kuma za su ce ko ana buƙatar magani. Za ta yi kuka, kwanakin farko ma abin zai iya ƙaruwa, ki shirya wa hakan. Kukan da ake yi a hanyar warkewa daban yake da na rannan, don wannan karon an gaya mata, kuma kina riƙe da ita.

Kafin nan, ki zaunar da ita da rana tsaka lokacin da take cikin natsuwa. Maganar da ta gaya miki, cewa kanta ya sani ƙirjinta ne bai sani ba, ita ce babbar dukiyarku. Ki ce mata kin yarda da ita, ki ce abin nan cuta ce mai suna, yara da manya da yawa suna da ita, kuma ana samun sauƙi. Ki gaya mata waya ta daina zuwa kamfani, za ta zauna a gida a hannunki har ku ga likita, kada ta wayi gari ta tarar an yi mata ba-zata. In ta tambaya ko Hajjo ta ci, ki amsa sau ɗaya. In ta sake, ki ce mata cikin taushi wannan tambayar waswasi ce ba tata ba, ke kuma kin daina hira da waswasi, sannan ki jawo ta jikinki. Kada ki rantse mata cewa ba abin da zai taɓa samun babanta. Ba ki da ikon wannan alkawarin, ita ma ta sani, shi ya sa rantsuwar ba ta ƙosar da ita.

Maganar riga kuma babanta ne zai gyara ta da bakinsa, amma ya yi hattara. Kada ya ce saboda kazarki na kusa rasa hannu, wannan dutse ne zai ɗora mata. Ya ce shi ne ya karya dokar aiki ya ɗauke ido daga inji, laifinsa ne, kuma ya daina. Ya ce mata tsaron hannunsa na Allah ne, sannan kula da shi aikinsa ne shi babba, ba aikin 'yar shekara goma ba. Ya sauke ta daga wannan gadin, ta daɗe tana yinsa ba hutu. Hajiya kuma a jawo ta a jiki, kada a yi mata dariya. Addu'arta na da amfani, ta ci gaba. Malamai ma abin da suke gaya wa mai waswasi a alwala ke nan, kada ya biye wa shakka ya koma, don haka likita da malami ba su saɓa ba a nan. Ta dai daina gaishe da kaza.

Game da gem, ba na cikin masu cewa a haramta mata waya gaba ɗaya. Yara na hutawa da wasa, ita ma tana da haƙƙi. Sai dai ki lura da irin wasan. Wanda ba ya ƙarewa, mai layi da ke ja, mai kiran mutum ya dawo ko wani abu ya lalace, bai dace da yarinya irin taki ba, don da tsoro yake riƙe mutum. Ki nemo mata wanda ake farawa a gama, tseren mota ko ƙwallo, ta yi da ƙannenta a tsakar gida a lokacin da kuka tsayar, ba dab da barci ba. Ma'aunin ba agogo kaɗai ba ne, ki dinga kallon fuskarta. In tana dariya, tana iya ajiyewa in an kira ta, wasa take yi. In fuskar a ɗaure take kamar mai tsaron inji, to aiki take yi, ko da minti biyar ne. Ki kuma je ki karɓo kajinki daga gidan maƙwabciya ki ba ta kiwonsu in tana so, ba tare da an ɗaura ran kowa a wuyansu ba.

Ke ma ki kula da kanki. Kin ce abinci ya fara ƙin wucewa sai an kira ki. Ki faɗa wa likitan wannan ma, ba abin kunya ba ne.

Wata rana tana zuwa, in sha Allahu ba da nisa ba, da Hajjo za ta yini a kwance da jan layinta, ita da 'yan tsakinta, ba wanda ya danna komai. Ranar in maigida ya dawo, kada ya ɗaga hannu ya ce ta zo ta ƙirga, kada ke ma ki ce kin gani ko. Ya yi sallama, ya wanke hannu sau ɗaya, ki zubo musu tuwo a kwano guda, ya zauna ya ci da 'yarsa. Za ta ga hannun yana kai loma, ba sai an nuna mata ba.

Allah ya ba Aina'u lafiya, ya sauke mata wannan nauyi, ya tsare maigida da abokan aikinsa a bakin injinansu. Ki gaishe min da Gali, ki ce wa Malam Idi ya huta da kallon injin wanki.

Taki,
Anti Safara'u